Inabi a Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara: zai yiwu kuwa?

Yau maganar inabi za mu yi.

Da yawanmu mun ɗauka inabi sai ƙasar Turawa. Eh, a bakin kogin Mosel na Jamus suna noma irin da ake kira Riesling, a yankin Champagne na Faransa kuma akwai Pinot Noir da Chardonnay. Amma waɗannan ƙananan 'ya'ya gare su, sanyi ya sa suna da tsami, giya ake yi da su. Mu ba ruwanmu da wannan. Na ci muke nema, mai manyan 'ya'ya da zaƙi.

Kuma ba sai an je nesa ba. Ku leƙa Kudan da Hunkuyi, nan kusa da Zariya, ku ga rumfunan inabi da idonku. Yanayinsu bai yi nisa da namu ba. Abokin gabar inabi a nan ruwan damina ne: danshi ya kawo fumfuna, ganye ya lalace. Shi ya sa ake sassabe rassansa bayan damina, a riƙa ba shi ruwa, ya yi 'ya'ya cikin hunturu.

Sai dai fa inabi ba masara ba ne da za ka shuka ka koma gida. Rumfa kuɗi ce, kuma kullum yana son ganin mai shi. Kun dai san halin da gonakinmu na daji suke ciki. Don haka mai son gwadawa ya fara a bayan gida ko bakin gari, kusa da rijiya. Tushe goma ma sun isa gwaji.