Jawabin Magatakardan Liman Game Da Gajiyar Da Ba Ta Wucewa

Liman ya umurce ni in yi muku gargaɗi, musamman fatakenmu na Kumasi da Ankara masu zuwa sarin tufafi a kasuwar Canaan, cikin birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Gajiyar tafiya ba abin mamaki ba ce. Agogonsu ya riga namu da awa 8, ga hawan bene, ga ɗaukar dila. Wannan kwana kaɗan take yi ta wuce. Amma akwai wata gajiya wadda barci ba ya kashe ta, mutum ya yi ɗan aiki yau, gobe ya kasa tashi, hankalinsa kuma ba ya riƙe lissafi. In ta kai wata 6, likitoci kan yi zaton ciwon gajiya mai daɗewa. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiya. Watau ba ragwanci ba ne, kada a zagi mai shi.

To, ku sani babu wani awo guda da ke nuna shi. Sai likita ya fara kawar da sauran cututtuka tukuna. Zai ɗebi jini ya duba ƙarancin jini, da sukari, da aikin hanta da ƙoda, da ƙwayar wuya mai kawo maƙoƙo. Zai auna fitsari. In da dalili, ya nemi zazzaɓin cizon sauro, da ciwon hanta, da tarin fuka, da ƙanjamau. Yawancin waɗannan suna da magani in an gane su da wuri.

Wanda ciwo ya kama can, lalle ya gaya wa likita daga inda ya fito, gama a 2021 aka shaida ƙasar Sin ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya dawo gida kuwa ya ce daga Guangzhou yake, domin a 2014 zazzaɓin dengi ya kama mutum dubbai a can.

Kada a ce sammu ne a zauna gida. Kada kuma a sha taramol don a ji ƙarfi, wannan ya halaka samari da yawa. Ku adana takardun awo kamar yadda kuke adana rasit. Zuwa asibiti ba ya ɓata tawakkali.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalam.