Kofin da Muka Daɗe Muna Jira



An umarce ni in yi magana a kan wasanni, kowa kuwa a nan ya san inda zuciyata take. A Kano aka yanke mini cibi, a nan Yauri na yi sakandare, a nan kuma na yi iyali. Ina yaro Raccah Rovers ta Kano ta ci kofin lig a 1978. Da aka haɗe kulob uku, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka kafa Kano Pillars a 1990, sai na koma bayanta, har yau kuma ban sauya ba.

Shekara 18 muka yi muna jira kafin Masu Gida su ci kofin lig a 2008, a hannun koci Kadiri Ikhana. A 2009 suka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, sa'an nan suka jera kofin lig sau uku, a 2012 da 2013 da 2014. Amma Kofin Ƙalubale, wanda ake bugawa tun 1945, ya ƙi zuwa. Rabon Kano da shi tun 1953.

A 2018 muka kai wasan ƙarshe a Asaba, muka zura wa Enugu Rangers ƙwallo uku ba ko ɗaya. Sai suka farke dukkansu, suka kuma doke mu a bugun fenariti. Wannan mako da ƙyar na iya ratsa kasuwar Yelwa saboda tsiyar abokai.

Bayan wuya sai daɗi. Ranar 28 ga Yuli, 2019, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, muka kara da Niger Tornadoes ta Minna. Aka tashi canjaras ba ci, aka je fenariti, muka ci 4 da 3. Jama'a, shekara 66 ke nan! Ni da furfurata sai ga hawaye, na rasa abin faɗi sai Alhamdu lillahi. Abokaina na Wara, da yake maƙwabtan Jihar Neja ne, wasunsu Tornadoes suka bi, amma washegari har gida suka zo yi mini barka, da kifin Kainji a hannu. Ko da Pillars ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022, ba mu gudu ba, ta kuwa dawo a 2023.

'Yan'uwa, daɗin nan ya kai haka ne domin ƙungiyar ta garinmu ce, mun kuma sha wuya tare da ita. To, yaranmu na Yauri da Ngaski da Shanga fa? Ku leƙa gidajen kallo, za ku iske su suna musu a kan Arsenal da Barcelona, garuruwan da ba su taɓa takawa ba, don ba mu da kulob ko ɗaya a babbar gasar ƙasar nan. Ga samari majiya ƙarfi da suka tashi a kan tuƙin kwalekwale da jan taru, amma filin da muka yi tamaula a kai ya zama makiyayar awaki.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Mu gyara filin makarantarmu, mu kafa raga. Sa'an nan mu sa kofi da makarantun sakandaren ƙananan hukumomin nan uku za su riƙa fafatawa a kai kowace shekara. Ni na ɗauki nauyin sayen kofin, saura ya rage gare ku.

Allah Ya nuna mana ranar da za mu tari 'ya'yanmu a bakin gari ɗauke da kofi. Wassalam.