Hayaƙin da Muke Shaƙa a Bakin Kasko: Jawabi a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya

 

An ce in yi magana a kan lafiya. Na ce to, bari in tsaya a kan abin da muke zama a gabansa kullum tun asuba: murhu.

Yawancinmu nan da wuta muke neman abinci. Mai ƙosai, mai awara, mai waina, mai abincin sayarwa a bakin Kasuwar Sabon Gari. Tunda gas ya yi tsada, kananzir kuma ya gagari talaka, mun koma itace da gawayi. Ban zo in ce a daina ba, don na san halin da ake ciki. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Yaran nan su ne na goye a bayanmu muna fifita wuta.

Abin da ya fi damuna shi ne guntayen katakon da muke saye da araha a wurin kafintoci. Ni ma na yi amfani da su, buhu guda sai ya kai ni kwanaki. Sai dai ba duka ne itace zalla ba. Filawud da MDF ɗin da ake yin kabad da gadon amare da su, ɓawon katako ne ko garinsa aka manne da gam. A cikin gam ɗin akwai sinadari ɗan'uwan fomalin da ake adana gawa da shi, kuma masana sun tabbatar yana jawo kansa. Shi ya sa idan kika jefa shi a wuta ido ke raɗaɗi, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, warin ma daban ne. Tsohuwar ƙofa mai fenti kuwa, wani fentin akwai dalma a ciki. Kun dai tuna abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Katakon da aka yi wa maganin gara, shi ma guba ne, har tokarsa. Don Allah kar a tace ta a yi ruwan toka a zuba a miya.

Ga kuma leda da muke hura wuta da ita. Wallahi gara a nemi ƙirare ko busasshen kara.

Sai hunturu. Gidajen haya na Fagge kun san su, ɗaki ƙarami, taga ɗaya. Mace ta shigar da kaskon gawayi, ta kulle ƙofa, ta kwanta da yara. Gawayi yana fitar da iskar nan irin ta hayaƙin janareto, ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai da jiri ne farkonta. Wanda ya ji haka, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a tafi asibiti.

Roƙona ga kwamiti: a zagayen adashe mai zuwa a ware wani kaso, mu sayi murhu mai tsimin itace a sari, mambobi su riƙa biya kaɗan-kaɗan. A fara da masu suya da masu goyo. Wadda take so, ta rubuta sunanta a wurin sakatariya kafin a raba abinci.