Sankarar Mafitsara: A Tambayi Sana'a Kafin A Tuhumi Gado

Ba zan tsaya bayanin mece ce sankara ba, kun riga kun sani.

Abokan aikinmu likitoci sun ɗauki gwajin ƙwayoyin gado kamar maganin kowace cuta. Na san dalilinsu. Saudiyya ta wajabta gwajin sikila kafin aure tun 2004, an kuwa ga amfaninsa. Amma sikila daban, sankarar mafitsara daban, kuma wanda yake zaune kusa da yankin masana'antu na Jidda bai kamata ya haɗa su ba.

A 1895 wani likitan fiɗa a Faranfot ta Jamus, Ludwig Rehn, ya tarar da ƙari a mafitsarar mutum 3 cikin ma'aikata 45 masu haɗa rini. Babu abin da ya haɗa su sai wurin aiki. A 1938 Wilhelm Hueper ya ciyar da karnuka irin sinadarin da ake haɗa rini da shi, cutar ta fito musu. A 1954 Robert Case ya bi diddigin ma'aikatan rini a Ingila, ya tabbatar da zancen, ya kuma nuna cutar kan yi kwanton ɓauna na shekaru kafin ta bayyana. To ku dubi ɗan'uwanmu a masana'antar fenti ko ta roba: ya cire takunkumi saboda zafi, ya wanke hannu da tina, ya zauna cin kabsa, ya kunna sigari a kai. Taba kaɗai ita ce sanadin kusan rabin masu wannan cuta. Bayan shekara 20 ko 30 zai ga jini a fitsari, lokacin ya koma Kano ko Maraɗi, babu wata takarda da ta ce ga abin da ya shaƙa. Ƙari a kan haka, da yawansu sun yi wanka a magudanan Kadawa suna yara, sun kwashi tsargiya, wadda ita ma tana jawo sankarar mafitsara in ta daɗe ba magani.

Za a ce mini ai akwai ƙwayar gado ta NAT2, wadda kan sa hantar wasu ta yi nawa wajen kashe dafin waɗannan sinadarai. Gaskiya ne. Sai dai ƙarin haɗarin bai kai ninki biyu ba, kuma ba ya tasiri sosai sai an shaƙi dafin. In an gwada ma'aikaci aka ce hantarsa mai sauri ce, sai a bar shi ya ci gaba da shaƙa?

Wuri ɗaya na yarda da gwajin, wato ciwon Lynch, musamman ta ƙwayar MSH2. Wanda sankara ta kama a ƙoda ta wajen matattarar fitsari, ko a bututun da ke sauko da shi, kafin shekara 60, kuma a danginsa akwai mai sankarar hanji ko ta mahaifa, a gwada shi, a kira 'ya'yansa, domin yiwuwar kowannensu ya gaje shi rabi da rabi ce. Daga ɗaya cikin iyaye ake gadonsa, don haka a daina ɗora wa auren zumunci laifin.

Abin da nake nema tun tuni bai canja ba. Kowane likita ya tambayi mai fitsarin jini sana'arsa da rafin garinsu kafin ya tambayi kakanninsa. Kowace masana'anta ta rubuta sinadaran da ma'aikaci ya yi mu'amala da su, ta ba shi takardar ya tafi da ita gida ranar da ya ajiye aiki.