Katin Asibiti da Ɗan Daudu: Laccar da Aka Gabatar a Birnin Gwari



Da aka ba ni wannan batu, wani abokina cewa ya yi, "Malam, a Birnin Gwari za ka ɗauko zancen 'yan daudu? Garin da mai naƙuda ke kwana a gida don tsoron hanya?" Yana da gaskiyarsa. Mun ga shekarun da hanyar Kaduna ta Buruku sai da rakiyar sojoji, ma'aikata suka watse daga ƙauyukan bakin dajin Kamuku da Kuyambana, asibitocin sha-ka-tafi suka koma makwancin awaki. Sai a Nuwamban 2024, da aka yi sulhu aka buɗe kasuwar kara, muka ɗan sarara. To amma inda gado ya yi kaɗan, a nan ake gane wanda ake fara turawa waje.

Mu raba hatsi da tsakuwa tukuna. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da halitta biyu. Malaman fikihu sun san shi da sunan hunsa, har rabon gadonsa sun fayyace, kuma aikinsa na likitocin tiyata ne a Shika ko asibitin Malam Aminu Kano. Akwai ɗan daudu, wanda kowa ya sani a tashar mota, da zane a ƙugu, yana suyar kaji yana tuƙa tuwo. Sannan akwai masu sauya jinsi da allura da tiyata, waɗanda ake ta cacar baki a kansu a Amurka da Ingila. Iran ma, tun bayan fatawar Khumaini, gwamnati na tallafa wa irin wannan tiyata. Mu nan babu mai roƙon wannan a baitulmali. Abin da ɗan daudu ke nema bai wuce maganin zazzaɓi da gwajin jini ba.

Na taɓa zama a layin karɓar kati a wani asibiti. Gabana wani ne da lalle a hannu, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Mai ba da kati ya ɗago kai ya ce, "To Hajiya, ɗakin maza ko na mata?" Layi ya tuntsire da dariya. Mutumin ya gyara mayafinsa, ya juya, ya fita. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na yi murmushi. Tarin nan kuwa, in na fuka ne, da shi ya koma bakin tukunyar da mu ke cin tuwonta.

Ba tari kaɗai ba, ga lissafin ƙanjamau. Binciken ƙasa na 2018 ya sa masu ɗauke da ƙanjamau kashi 1.4 cikin ɗari na manya. Wanda aka yi a 2020 a kan rukunan da suka fi shiga haɗari ya samu fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a tsakanin masu rayuwa irin ta jinsin da ba a haife su da shi ba. Da yawan 'yan daudu kuma magidanta ne, da mata da 'ya'ya. Wa ke biyan kuɗin maganinsu? Galibi Amurka, ta shirin PEPFAR da aka kafa a 2003. A Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin waje, aka ga yadda rumfar aro ke yayewa cikin dare ɗaya.

Namu kuɗin fa? A Abuja aka yi alƙawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya tun 2001, tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya na kuɗin shigar tarayya ga lafiya matakin farko, kuma ta hana a kori wanda ya zo cikin halin gaggawa. A shekarar dai aka sa hannu kan dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. Ba na zo jayayya da ita ba ne, balle da Shari'a. Hukunci na alƙali ne, bayan shaidu. Mai ba da kati ba alƙali ba ne, kuma ɗan daudun nan yana biyan harajin kasuwa da aka yi albashin mai katin da shi.

Ranka ya daɗe shugaban taro, roƙona ga hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, da shugabannin asibitocinmu ƙarami ne: a horar da masu kati da masu gadi, a rufe ƙofa in ana duba mutum, a daina kiran sakamakon gwaji da ƙarfi a baranda.