Alƙalai bakwai da suka ce a'a

Na gode da kuka baro fada da shayinku kuka zo wannan zama.

Ina ɗan shekara goma sha biyu lokacin da kalmar tazarce ta cika garin nan. Abin da na riƙe a lokacin shi ne manya suna manne da rediyo, ana ta gardama. Sai da na shiga jami'a na gane abin da ya faru, kuma shi nake so mu tattauna yau.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma hana a taɓa wannan ƙa'ida. A 2009 marigayi Tandja Mamadou ya nemi a yi zaɓen raba gardama don ya zarce. Kotun tsarin mulki, alƙalai bakwai ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta ce hakan ya saɓa wa kundi. Ranar 12 ga watan Yuni ta soke dokar da ta kira zaɓen. Shugaba ya riga ya rusa majalisar dokoki, kafin watan ya ƙare ya rusa kotun ita ma. Aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka karɓe mulki.

Wani zai ce: to me kotun ta tsinana, tunda an rusa ta? Ni ina ganin ta tsinana. Shugaban nan yana da farin jini, mutane da yawa suna son shi tsakani da Allah. Amma ba a kafa kotun don ta auna farin jini ba. Aikinta ta ɗora abin da mai mulki ya yi kusa da abin da kundi ya rubuta, ta faɗi ko sun dace. Daga ranar da ta yi hukunci, 'yan ƙwadago da ƙungiyoyin fararen hula suka samu takardar da za su ɗaga, kuma duk wanda ya ci gaba da tazarce ya san doka ya taka.

Kar ku ɗauka wannan magana ta manyan Yamai ce kawai. Hadijatou Mani, daga jihar Tawa, an sayar da ita tana shekara goma sha biyu a kan jika 240. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙarar ƙasarmu kotun CEDEAO. A watan Oktoban 2008 kotun ta ce Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta miliyon goma na sefa. Mace ɗaya ce daga karkara, amma da yake an rubuta haƙƙinta kuma akwai alƙalin da zai saurare ta, gwamnati guda ta amsa tambaya.

Yau ina muke? An dakatar da kundin 2010 tun ƙarshen Yulin 2023, kuma Nijar ta fice daga CEDEAO. Kowa a nan yana da ra'ayinsa kan wannan, ban zo canza wa kowa ba. Tambayata guda ce: in gobe an kama ƙanenka, an tsare shi ba a kai shi gaban alƙali ba, wace ƙofa za ka buga, kuma wa zai tilasta a buɗe ta?

Duk sanda aka zauna rubuta sabon kundi, mu je da wannan tambaya a bakinmu. Mu nemi sanin wa ke naɗa alƙalan, wa ke iya tsige su, kuma ko talaka zai iya cewa a gaban kotu dokar da ake hukunta shi da ita ta saɓa wa kundi. Wanda kake so yau yana iya sauka gobe, kujerar ta koma hannun wanda kake tsoro.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Yanzu fili naku ne, wa zai fara?