Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: labarin masu zane biyu a gida ɗaya

  Labarin wani miji da matarsa na zo muku da shi, dukansu masu zanen fenti, suna zaune a ƙasar Jamus. Mijin sunansa Neo Rauch, matar kuma Rosa Loy. Sun yi aure a 1985, yau wajen shekara 40 ke nan, kuma har yanzu kowa na riƙe da buroshinsa. Tambayata ita ce: ta yaya mutum biyu masu sana'a ɗaya za su zauna gida ɗaya, wani bai haɗiye wani ba?

Mu fara da sanin su. An haifi Neo a birnin Laifzig a 1960. Yana da wata ɗaya a duniya iyayensa suka rasu a hatsarin jirgin ƙasa, su ma ɗaliban zane ne. Kakanninsa suka rene shi. Ita Rosa an haife ta a 1958, kuma ilimin lambu ta fara karantawa a jami'a a Barlin, kafin ta shiga babbar makarantar zane ta Laifzig, inda shi ma ya yi karatu. A Jamus ta Gabas suka tashi. Da aka haɗe ƙasar a 1990, masu kasuwar zane suna ganin zanen siffar mutum tsohon yayi ne, bidiyo da hoto ake ya yi. Su biyun ba su canza hanya ba, suka ci gaba da zana mutane.

To amma in ka ajiye aikinsu kusa da juna, ba za ka taɓa rikita su ba. Neo da fentin mai yake aiki, a kan manyan ƙyallaye, wasu sun fi tsawon mutum. Cikinsu za ka ga ma'aikata, sojoji, masana'antu, mutanen zamanna daban-daban a wuri guda, kowa na wata hidima da ba ka san kanta ba, kamar dai mafarki. Rosa kuwa kusan mata kaɗai take zanawa, sau da yawa biyu-biyu kamar tagwaye, cikin furanni da shuke-shuke; karatun lambunta bai tafi a banza ba. Fentinta ma daban ne, da kazeyin ake haɗa shi, wato sinadarin nan na madara da ke daskarewa ya ba mu cuku. Yana bushewa da wuri, kuma ba ya ƙyalli. Kun ga, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wurin aikinsu wata tsohuwar masana'antar kaɗin auduga ce a Laifzig, wadda aka kafa a 1884, yanzu ta zama matattarar masu zane. Ga abin da nake so ku lura da shi: atiliye biyu gare su, kusa da juna, kowa da ƙofarsa. A hirarrakin da suka yi da ƴan jarida sun nuna cewa kowanensu shi ne mai fara ganin aikin abokin zamansa tun bai ƙare ba. In zane ya cije, sai a kira na kusa ya zo ya duba, ya faɗi inda ya ga matsala. Daga nan ya koma ɗakinsa, mai aiki ya yanke hukunci da kansa.

Duk wanda ya taɓa rubuta waƙa, ko ya ɗinka riga, ko ya shirya wani aiki, ya san nauyin nuna abin da bai kammala ba. Ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. In wanda ka nuna wa ya ce komi ya yi kyau don kar ranka ya ɓaci, ya cuce ka. In kuma ya karɓe buroshin ya gyara yadda shi yake so, nan ma ya cuce ka, don aikin ya daina zama naka. Tsakanin waɗannan biyun ƴar siririyar hanya ce, kuma a kanta mutanen nan suka yi shekaru suna tafiya.

Kar ku ɗauka babu jarrabawa. Daga wajajen shekarar 2000 sunan Neo ya game duniya. A 2007 babban gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyu Yok ya baje kolin ayyukansa. Wasu zanensa an sayar da su sama da dala miliyan ɗaya, dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta nan ba! Ita kuwa sau da yawa sai a gabatar da ita da “matar Neo Rauch”, kamar ba ta da suna. A nan ne da yawa ke ajiye kayan aiki su koma riƙe wa mai suna jaka, ko su fara kwaikwayon salon da ke kawo kuɗi. Rosa ta ci gaba da zana matanta da furanninta, tana baje kolinta da sunanta.

Sai a 2011, bayan shekara 26 da aure, suka yi babban baje koli na haɗin gwiwa a gidan tarihi na Essl da ke Ostiriya. A 2018 kuma su biyun suka tsara dandamali da tufafin wasan Lohengrin, na mawaƙi Wagner, a bikin garin Bairoit, kusan komi da launin shuɗi. Ku duba tsarin: sai da hannun kowa ya nuna tukuna suka haɗa hannu. Shi ya sa haɗuwar ta yi armashi, don kowa ya zo da nasa.

Ƴan uwa, mu nan da yawa muna gab da aure, wasu sun riga sun yi. Cikinmu akwai mai zane, mai ɗinki, mai rubutu, mai ɗaukar hoto. Kowa ya san wata ƴar ajinsu mai basira da aka daina jin ɗuriyar aikinta tun ranar da aka kai ta ɗaki. Ba lalle wani ya hana ta ba. Sau da yawa rashin wuri ne, da rashin lokaci, da rashin wanda zai ce “nuna mini inda kika tsaya”.

Don haka kafin a tsaida magana, ku tambayi juna: ina zan ajiye kayan aikina a gidan nan? Wane lokaci ne nawa? In na nuna maka aikina, za ka faɗa mini gaskiya, sannan ka bar mini hukunci? In ɗayanmu ya yi suna kafin ɗaya, yaya za mu yi? Wanda ya ji haushin tambayoyin nan tun yanzu, to ya riga ya ba ka amsa.

 Mai tambaya ko ƙarin bayani, bisimilla.